Totur ba ya ƙara ruwa: kurakuran sababbin 'yan kwana-kwana wajen zuƙo ruwa

Idan tankin mota ya ƙare aka nufi kududdufi ko bakin dam, a nan ake bambance wanda ya san famfo da wanda murɗa totur kawai ya iya. Na gaji da ganin kuskure iri ɗaya a hannun sababbin shiga, shi ya sa na rubuta wannan.

Babban kuskuren shi ne zaton famfo jawo ruwa yake da ƙarfinsa. Iska kawai yake fitarwa daga mesa, nauyin iskar sararin sama ne ke danna ruwan ya hau. Wannan nauyin kuwa iyakar tsayin da zai tura ruwa mita 10.3 ne a gaɓar teku, a lissafi ke nan. A aikace da wuya ka wuce mita 7.5. Garin Bauchi ya ɗara gaɓar teku da sama da mita 600, don haka kusan santimita 70 ta tafi tun ba ka kunna inji ba. Ruwan kududdufi da ya sha ranar watan Afrilu ya ɗumama, shi ma zai ci maka kusan rabin mita.

Adadin da aka rubuta a jikin famfo, misali lita 2,000 a minti, an auna shi ne a tsayin mita 3 daga saman ruwa zuwa bakin famfo. A mita 7.5 rabinsa za ka samu. Gaɓar da ka tsaya a Dadin Kowa ko dam ɗin Gubi da kaka ba ita ba ce da bazara, ruwa ya ja baya. Sauko da mota kusa, muddin ƙasar za ta ɗauke ta.

Ita ma mesar tana da iyakarta. Mai faɗin inci 4 ba ta wuce kimanin lita 2,000 a minti, mai inci 5 kusan 3,800, mai inci 6 takan haura 4,700. Idan ka ninka gudun ruwa, asarar da gogayya ke jawowa a cikin mesa ninki huɗu take yi, kuma duk tsayin da ka ƙara yana ci daga ɗan abin da ya rage maka. Amma sai ka ga yaro ya haɗa mesa huɗu, ya buɗe bakin fita uku, ruwa ya yi rauni, ya kama totur yana murɗawa kamar ɗan acaɓa. Haba! Ba ka ji famfon na ƙara kamar an zuba masa tsakuwa ba? Ruwa ne ke tafasa a bakin farfela don ƙarancin matsi, kumfar na fashewa tana cin ƙarfen. Alamar ba ta ɓuya: inji na ƙara gudu, allurar matsi na tsaye ko tana rawa. Rage totur, rufe bakin fita guda. Idan ana bukatar ƙarin ruwa, a ja mesa ta biyu in famfon na da wani bakin shiga, ko a kawo ƙaramin famfo na hannu.

Kuskure na biyu, shigar iska. Robar bakin mesa guda da zafi ya busar ta tsage ta isa ta hana ka ruwa ana tsaka da gobara. Idan ruwa bai hau cikin daƙiƙa 30 zuwa 45 ba, dakata, ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da sifana, ka duba ko an bar bakin tsiyaye famfo a buɗe. Ni al'adata gwajin bushe duk mako: toshe bakin mesa, fitar da iska har allurar ma'auni ta kai bar 0.8, kashe inji. Idan ta sauka fiye da 0.1 a minti ɗaya, akwai ɓula. Robobi biyu ba sa rabuwa da aljihuna.

Rariyar bakin mesa ta nutse aƙalla santimita 60, kada kuma ta kwanta cikin taɓo. Ɗaure ta da igiya, ko ka ɗora ta kan tsani. A kududdufin cikin gari leda da kainuwa ne abokan gaba. Sa mata kwando, ka ajiye mutum yana sharewa. Idan ruwa ya fara juyawa a samanta, jefa guntun katako a wajen kafin ta sha iska.

Kada mesa ta yi doro sama da bakin famfo, iska na maƙalewa a nan. Kada a rasa igiyar ɗaure mesa, nauyin mesa cike da ruwa na karya mahaɗa. An gama aiki, a wanke famfo da ruwa mai tsabta, don yashin kogin Gongola ba ya barin farfela lafiya.