Daga Maraɗi zuwa tsaunin Mambila a kan moto: yadda ake shirya tafiyar

Mai moto a Maraɗi ya san yashi, ya san zafi, amma bai san gangara ba. Daga nan har Kano ƙasa shimfiɗe take, birki ba ya shan wata wahala. Mambila kuwa, a jihar Taraba ta Najeriya, tsauni ne da ya kai kusan mita 1,600, alhali Maraɗi ba ta kai mita 400 ba. A kan wannan bambancin za ka gina shirinka duka.

Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Damina a can doguwa ce, tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, kuma jar lakar tsaunin idan ta jiƙa santsi gare ta kamar sabulu.

Tafiyar ta haura kilomita 1,300, ka raba ta kwana shida: Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina, sai Bauchi, sai Gombe, sai Jalingo ta Numan, sai Serti ta Bali, rana ta shida hawan tsauni zuwa Gembu, babban garin da ke kan tsaunin. Ka ɗaga bayan asuba, ka sauka kafin la'asar ta yi sanyi. Tafiyar dare babu ita, musamman tsakanin iyaka da Katsina inda matsalar 'yan bindiga take. Kafin ka fita ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka iso jiya halin hanya da na iyaka, ka tambayi kuma dokar moto a jihohin da za ka ratsa, domin Kano ta hana acaɓa tun 2013. Ku tafi moto biyu ko uku, kowa a kan nasa, ban da goyo.

Takardu: kart giriz da sunanka, lasisin tuƙi, katin shaida ko fasfo, katin rigakafin shawara, takardar duwan ta shigar da moto, da inshorar da ka tabbatar tana aiki a Najeriya. Ka canza sefa zuwa naira tun nan, ka raba kuɗin aljihu biyu.

Moto irin Boxer ko Haojue mai 125 ko 150 ya isa, kuma kayansa na samuwa a kowane gari. Kai shi gareji mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don ka samu kwanakin gwada gyaran. A yi bidanji da mai 20W-50, kusan lita ɗaya, za ka sake wani a Jalingo. A canza takalman birki gaba da baya ko da makanike ya ce da sauransu. A duba sarƙa da faifan haƙoranta: in haƙoran sun yi tsini a canza su tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa. Sakin sarƙa ya tsaya tsakanin santimita 2 da 3. A guzuri ka sa buji biyu, wayar kuloci, wayar birki, tib na gaba da na baya, faci, famfo, mahaɗin sarƙa da sifana. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa kusa da bayanka. In ka tula su can ƙarshen kariya, gaban moto zai yi sakayau, ya nemi ɗagawa a hawa.

Ka cika tanki a Serti. Bayan Mayo Selbe, garin da ke gindin tsaunin, hanya take fara murɗawa sama, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Za ka ji moto ya yi kasala. Ba lalacewa ya yi ba: iska ce ta yi ƙaranci, inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 300. Esansi kuma yakan rinjayi iska a kafireta, buji ya yi baƙin toka, moto ya riƙa sheshsheƙa. Goge buji, wanke matatar iska daga ƙurar hunturu, yawanci shi ke nan. Ka sauko giya ta biyu tun kafin kwana, kada ka bari sai inji ya shaƙe. Kada kuma ka hau da rabin kuloci a matse, cikin mintuna za ka ji ƙaurinsa.

Gangara ce take kashe mutane. Akwai ɗabi'ar da muka saba da ita, ta sa moto a firi ko kashe inji don tattalin esansi. A tsauni kada ka kuskura. Birkin irin wannan moto yawanci ganga ce rufaffiya. In ka danne shi kilomita biyu ko uku babu sassauci, gangar ta yi zafi ta buɗe, takalman su yi sulɓi, ka taka har ƙasa moto bai tsaya ba. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko, inji ya riƙe maka nauyi. Birki kuwa ka matsa da ƙarfi, gaba da baya tare, ka saki ya huta, ka sake matsawa. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Lokaci-lokaci ka tsaya ka kai hannu kusa da gangar. In zafin ya hana ka kusanta, zauna minti goma sha biyar. Kada ka watsa mata ruwa, tana iya karkacewa.

A kowace kwanar da ba ka ganin bayanta ka yi oda, ka manne a hannunka na dama. Tsofaffin Land Rover cike da kaya suna cin tsakiyar hanya, garken shanu kuma ba ya sauri don kowa. Da safe hazo kan rufe tudu. Kunna fitila, in bai ɗaga ba ka jira hantsi.

Sanyin sama ba na wasa ba ne. Zafi na raguwa kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, ga iskar gudu a kai, kuma yatsun da suka ƙandare ba sa kama birki da kyau. Ka tanadi safar hannu mai kauri, rigar sanyi, rigar ruwa, takalmi rufaffe da hular kwano mai gilashi. Ranar dawowa, kafin ka bar Gembu, ka ɗaure wayar birki, ka gwada shi a ƙaramar gangara ta cikin gari, sannan ka nufi Nguroje, garin da ke kan hanyar komawa Serti.