Yadda ake haɗa ƙaton mutum-mutumin yaƙi a gem ba tare da ya ba ka kunya a fili ba

Wanda ya saba da wasannin harbi na sojan ƙasa yakan sha mamaki ran da ya fara hawa mutum-mutumin yaƙi. Hannunsa na da sauri, idonsa na gani, amma sai kashi yake sha. Mafi yawan lokaci laifin ba na yatsunsa ba ne, na abin da ya haɗa a gareji ne. A irin waɗannan wasanni injin da ka fita da shi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, da iyakar lantarkin da janaretansa zai bayar, da iyakar zafin da zai jure, kuma duk abin da ka ƙara a wani gefe sai ka rage a wani. Wasanni biyu za mu ɗauka, don su ne suka fi tsananta wannan lissafi: Armored Core VI na kamfanin FromSoftware da ya fito a watan Agustan 2023, da MechWarrior 5: Mercenaries na Piranha Games da ya fito a Disamban 2019. Na farko injinsa kamar shaho yake, na biyu kamar giwa.

Kafin ka taɓa ko da ƙusa ɗaya, yanke shawarar tazarar da za ka yi faɗa a cikinta: gaba da gaba, tsaka-tsaki, ko daga nesa. Komai daga nan yake tashi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauki bindigar kusa a hannun dama, ta nesa a hagu, makami mai linzami a kafaɗa, yana ganin ya shirya wa kowane hali. A zahiri duk inda ya tsaya rabin kayansa ne kawai ke aiki, sauran dako yake yi musu.

Garejin Armored Core VI

Jikin injin kashi huɗu ne: kai, ƙirji, hannuwa, ƙafafu. A ciki akwai janareta, injin turi, da na'urar saiti da wasan ke rubutawa FCS. Wurin makami ma huɗu ne, hannu biyu da kafaɗa biyu.

Fara da ƙafafu, don su ne ke faɗin nauyin da za a iya ɗora maka. Iri huɗu ne. Ƙafa biyu irin ta mutum ba ta yi fice a komai ba, ba ta kuma gaza a komai ba, ita ta dace da mai koyo. Mai gwiwa a baya, irin ta jimina, tana tsalle mai nisa ba tare da cin caji sosai ba, sai dai ba ta ɗaukar kaya kuma ba ta jure duka. Mai ƙafa huɗu tana iya tsayawa a sama tana shawagi, tana zuba wuta daga bisa. Ta ƙarshe sarƙa ce irin ta tankar yaƙi, mai ɗaukar kaya kamar ba gobe, amma a sama ba ta da kataɓus. Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba sai an sha wuya: idan kana kan ƙafa biyu ka harba babbar igwa ko bazuka, injin yakan tsaya cak ya kafa ƙafa kafin harsashi ya fita, kuma a wannan ɗan tsayin ake gamawa da kai. Mai ƙafa huɗu da mai sarƙa suna harba irin waɗannan suna tafiya. Saboda haka in manyan igwa kake so, ƙafafun sun riga sun zaɓi kansu.

Daga nan sai ka sa ido kan ma'auni biyu a gefen allo. Ɗaya nauyin kaya ne a kan abin da ƙafafu za su iya, ɗayan kuma lantarkin da kayan ke ja a kan abin da janareta ke fitarwa, wanda ake rubutawa EN. Ka wuce iyakar lantarki, wasan ba zai bar ka ka fita ba. Amma kada ka ɗauka tsayawa daf da iyaka dabara ce. Rarar da ta rage tsakanin abin da janareta ke bayarwa da abin da kaya ke ja, ita ke sa cajinka ya dawo da wuri bayan ka yi zilliya ko ka tashi sama. Injin da aka cika shi maƙil zai fita fili lafiya, sai ya yi zilliya uku ko huɗu ya tsaya yana haki. Idan ka ga haka na faruwa, kada ka fara zargin injin turi. Ka cire makamin leza ɗaya ka sa mai harsashi, don makaman leza su ne suka fi shan lantarki, ko ka sauya ƙirji, tunda ƙirji yana ƙara ko rage abin da janareta ke fitarwa.

Kuma kada ka bari layin caji ya ƙare ƙurmus. In ka bar ɗan saura yakan fara cikowa nan da nan, in kuwa ya ƙare sai ka jira wani ɗan lokaci kana tafiya a ƙasa ba zilliya ba tashi. Ya fi saurin cika idan ƙafarka na ƙasa, shi ya sa gwanaye ke yawan dira suna sake tashi maimakon su maƙale a sama.

Na'urar saiti ita ce abin da sababbi suka fi mantawa da shi. Kowace tana da maki uku: na kusa, na tsakiya, na nesa. Ka ɗauki bindigogi masu watsa harsashi biyu, ka bar na'urar da aka yi don nesa, sai ka ga kana manne da abokin gaba amma harbinka na bin bayansa. Hannuwa ma suna da nasu maki, wasu sun fi iya riƙe bindiga, wasu sun fi ƙarfin sara. Sannan harsashi yana da iyakar tafiya: in ka harba daga wajen tazarar bindigar, zai daki sulke ya yi tsalle, ka ji ƙara amma ba ɓarna. Maganinsa matsowa, ba ƙara harbi ba.

Jiri, wanda shi ne zuciyar faɗan

A saman layin ran kowane babban abokin gaba akwai wani layi da ke cika yayin da kake dukansa. Idan ya cika, injinsa yakan sandare na 'yan daƙiƙu, wato jiri ya kama shi, kuma duk abin da ya same shi a lokacin ɓarnarsa ninkuwa take yi. Kai ma kana da irin wannan layi, kuma haka za a yi maka. Duk tsarin makamanka a kan wannan ya kamata ya tsaya: uku na cika layin, ɗaya na jiran lokacin da ya cika.

Ga yadda abin yake a aikace. Kana zagaya shi da bindiga a hannun dama kana ɗan tsikararsa don kada layin ya sauka, domin da ka yi shiru zai fara komawa baya. Makamai masu linzami na kafaɗa suna fita duk lokacin da suka shirya. Layin ya kai kusan baki, sai ka daina harba babbar igwar kafaɗa, ka matso. Yana cika, ka danna turi ka afka masa da takobin hannun hagu, ka bi da igwar. Abin da ke lalata wannan shi ne zumuɗi: mutum ya riga ya harbe komai, jiri ya zo, takobi na hucewa, igwa na ɗura harsashi, ya tsaya yana kallon dama tana wucewa. A jerin bayanan kowane makami akwai makin da ke nuna yawan ninkin da yake yi a kan wanda ya sandare. Mai babban maki shi ake ajiyewa.

Balteus, babban abokin gaban da ke rufe babi na farko, shi ne ke tilasta wa mutum ya koyi wannan. Yana lulluɓe da garkuwar lantarki, kuma sai ta fashe kafin ka taɓa jikinsa. Bindigogin da wasan ke kira Pulse, masu fitar da abu kamar kumfa, don irin wannan garkuwa aka yi su, takobin da aka ba ka tun farko ma yana cin ta. Ruwan makamai masu linzamin da yake saki ya fi cutar wanda ya gudu nesa; wanda ya manne masa yana zagayawa ya fi tsira. Idan ransa ya ragu yakan fito da wuta mai shara, a nan sai ka hau sama.

Kayan gyara uku kawai kake fita da su. Abu biyu kuma suna sauƙaƙa gwaji: duk abin da ka saya za ka iya mayarwa a karɓa a kuɗin da ka saye shi, sannan idan aka kashe ka za ka iya sauya haɗi kafin ka ci gaba daga zangon ƙarshe. Sai dai shago ba ya buɗuwa a tsakiyar aiki, abin da ka mallaka kaɗai za ka iya sawa. Don haka kafin aiki mai wuya, sayi ƙafafu iri biyu da makamai na ko-ta-kwana ka ajiye.

MechWarrior 5: tan da zafi

A nan ba a sauya ƙafa ko hannu. Injin yana zuwa da ƙirarsa, nauyinsa daga tan 20 zuwa 100: ƙanana 20 zuwa 35, matsakaita 40 zuwa 55, manya 60 zuwa 75, sai ƙattai 80 zuwa 100 irin su Atlas. Aikinka raba tan ɗin da ya rage tsakanin sulke, makamai, harsashi da lagireto mai sanyaya injin. Matsakaiciyar leza tan 1 ce, lagireto ɗaya tan 1, igwar lantarki da ake kira PPC tan 7, igwar AC/20 tan 14 ban da harsashinta. Dubi injin Hunchback mai tan 50 da ke ɗauke da wannan igwa a kafaɗar dama: fiye da rubu'in nauyinsa na wuri ɗaya. A fasa wannan kafaɗa, ya zama ƙarfe mai yawo.

Sulke ake fara cikawa, sannan a ga abin da ya rage wa makamai. Injinan da ake saya ko ake tsinta sau da yawa sulkensu bai cika ba, kuma cire ƙaramin makami ɗaya don a ƙara sulke kusan kullum riba ce. Mafi yawansa a gaba za ka sa, ka bar ɗan kaɗan a baya saboda ƙananan injina masu zagayowa. Harsashi kuwa yana fashewa idan wuta ta kai gare shi, shi ya sa da yawa ke zuba shi a ƙafafu, nesa da tsakiyar ƙirji inda injin da ke ba shi wuta yake.

Zafi shi ne cajin wannan wasa, a juye. Kowane harbi yana ɗaga ma'auni, leza da PPC sun fi kowa, kuma idan ya kai ƙarshe injin yakan kashe kansa a tsakiyar fili, allo ya yi duhu, kana ji ana dukanka. Akwai maɓallin hana shi mutuwa, amma daga nan cikinsa ne ke ƙonewa, kuma kai za ka biya gyara. Raba makamai rukuni-rukuni bisa tazararsu, kowane rukuni da maɓallinsa, ka riƙa harba su bi da bi. Harba duka a lokaci ɗaya sai in kana da tabbacin wannan dukan zai kai shi ƙasa. Ka kuma duba yanayin duniyar da za a sauke ka kafin ka sa hannu a kwangilar yaƙi. Haɗin da ke lafiya a kan ƙanƙara zai riƙa mutuwa a hamada ko kusa da aman wuta.

Tuƙin ma sai an saba, domin ƙafafu da gangar jiki kowanne da inda yake fuskanta. Wannan ne ke rikita mai koyo, kuma shi ne babbar kariyarsa. Injin yana faɗuwa ne idan aka fasa kai, ko tsakiyar ƙirji, ko ƙafafu biyu. To da ka harba, maimakon ka tsaya kana kallon abokin gaba har makami ya sake shiri, sai ka murɗa jiki ka ba shi gefen da ba ka da kaya a ciki, duka ya rarrabu a hannu da kafaɗa. Mai Hunchback hagu yake bayarwa. Sai dai ka sani, kafaɗa in ta tafi da hannun take tafiya, har da duk abin da ke riƙe a cikinsa.

Haka za ka karanta abokin gaba. Kama shi a na'urar saiti, hoton jikinsa zai fito da launin kowane sashe, ka nemi inda ya riga ya yi ja ka dage a nan, ka kuma umarci abokan tafiyarka uku su taru a kansa. Su waɗannan abokai kwamfuta ce ke tuƙa su, ba su iya lissafin tazara mai sarƙaƙiya ba, don haka ba su injina masu kauri da makamai masu tazara iri ɗaya. Masu linzami na nesa, wato LRM, ba sa aiki idan abokin gaba ya matso sosai, injin da ke ɗauke da su yana buƙatar leza biyu ko uku na kare kai.

Tunda sojan haya kake, kowace kwangila ana ciniki ne tsakanin tsabar kuɗi, kason ganima, da inshorar ɓarna. In ka hango injin da kake kwaɗayi a cikin abokan gaba, sare ƙafafunsa maimakon ka fasa ƙirjin, don abin da za a kawo maka ya fi zama mai gyaruwa. Gyara kuma kwanaki yake ci, ya fi tsada da jinkiri a yankin da ake yaƙi fiye da duniyoyin masana'antu, saboda haka ƙananan faci kawai ake yi a bakin daga, babban aiki da sauya makamai a bari sai an koma can.