Matakan Neman Aikin Kwangila a Yankunan Yaƙi

Da farko, ka nemi guraben aiki a shafin ReliefWeb na Majalisar Ɗinkin Duniya ko a shafin kamfanin kansa, ka guji dillalin da zai nemi kuɗi kafin aiki ya samu. Idan kamfanin tsaro ne, ka duba ko mamba ne na ƙungiyar ICoCA da ke Geneva, mai sa ido kan yadda kamfanonin tsaro masu zaman kansu ke bin ƙa'idojin aiki.

Kafin ka sa hannu, ka karanta takardar kwangilar a tsanake, musamman batun inshora da kwashe wanda ya ji rauni, domin dokar Defense Base Act ta 1941 ta wajabta inshorar ma'aikatan kwangilar gwamnatin Amurka a ƙasashe irin su Iraƙi. Bayan ka isa, kada ka bari kamfanin ya riƙe maka fasfo.