Yadda Ake Rage Tsayin Rufin Tsohuwar Mota

Duk wanda ya saba shiga Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda a Kumasi ta ƙasar Ghana, ya san da wuya a sami wani ɓangaren mota da masu sana'ar wurin ba su taɓa yankawa sun sake haɗawa ba. Suna mayar da motar kaya ta koma ta fasinja, suna miƙar da bodin da hatsari ya murɗe, suna ƙera abin da ya ɓace a kasuwa. Amma akwai aikin da ba a cika kawo musu ba, wato rage tsayin rufin mota, inda ake yanke ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, a cire wani yanki daga kowannensu, a sauko da rufin ƙasa har motar ta fito kamar mai lumshe ido. Abin ya samo asali ne daga Amurka, inda masu tsere a busassun tafkunan Kalifoniya suka riƙa yin haka tun shekarun 1930 domin rage yadda iska ke tare mota, daga baya kuma ya zama ado, musamman bayan da Sam Barris, wani mai sauya fasalin motoci, ya sauke rufin motarsa Mercury ƙirar 1949. Abin da masu kallon hotunan waɗannan motoci ke mantawa shi ne gilasansu na gaba shimfiɗaɗɗu ne, ba su da lanƙwasa, kuma wannan ne ya sauƙaƙa musu aikin.

Saboda haka, kafin a nemi zarto, sai a fara duba gilashi, domin shi ne zai faɗi ko aikin zai yiwu, da kuma inci nawa za a iya cirewa. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai mai falle biyu da aka manne da siririyar roba a tsakani, wanda idan ya fashe yake tsattsagewa amma ya tsaya a wurinsa, akwai kuma wanda aka gasa aka sanyaya da sauri, wanda idan ya fashe yake zubewa ƙanana kamar tsakuwa. A ƙuryar kowane gilashi akwai tambari, kuma sau da yawa za a ga an rubuta Laminated a na farkon, Tempered ko Toughened a na biyun. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa ta kowace hanya, ko da wane ne ya yi alkawarin zai iya. Mai falle biyu yana yankuwa: idan shimfiɗaɗɗe ne, ana zana shi da abin yankan gilashi ta fuska biyu a kan layi ɗaya, a karya, a ɗumama robar tsakiya a yanke ta da reza. Idan kuwa mai lanƙwasa ne, sai an gurza shi a hankali ana zuba ruwa, kuma ko a hannun gwani yana iya tsagewa a minti na ƙarshe, don haka mai hankali yakan tanadi guda biyu tun da wuri.

Wannan ne ya sa motoci suka bambanta. Tsohuwar Volkswagen Beetle, in ban da ƙirar 1965 zuwa sama da gilashinsu ya ɗan lanƙwasa, da ƙirar 1303 da ta fito da lanƙwasasshen gilashi sosai, tana da shimfiɗaɗɗen gilashin gaba. Tsohuwar Land Rover ma haka take, sai dai bodinta na alminiyom ne, wanda waldar da aka saba yi a gareji ba ta kama shi. Akori-kura irin Datsun 620 ko Peugeot 404 kuwa rufinsu gajere ne, ginshiƙai huɗu kawai, amma gilashin gabansu mai lanƙwasa ne, kuma yawancin motocin Turai na wancan zamani da gasasshen gilashi suka zo har a gaba. Tagogin gefe ba su cika ba da wahala ba idan shimfiɗaɗɗu ne, domin ana yanka sababbi a kan samfurin kwali. Gilashin baya mai lanƙwasa kuwa, dabarar da ta fi ita ce kada a taɓa girmansa: a yanke shi tare da firam ɗinsa gaba ɗaya, a kwantar da shi gaba kaɗan ko a nutsar da gindinsa cikin bodi.

Game da yawan abin da za a cire, ra'ayina shi ne inci 2 zuwa 3 sun isa ga motar da za ta hau titi. A ɗauki hoton motar daga gefe, a buga shi a takarda, a yanke rufin da almakashi, a riƙa sauko da shi har ido ya gamsu. Sannan mai motar ya zauna a kujerarsa da hularsa a ka, a auna abin da ya rage tsakaninsa da silin, a tuna kuma cewa hanyoyinmu suna da gargada. A liƙa baƙin tef a saman gilashin gaba daidai faɗin da za a cire, ya duba ko zai iya hango fitilar danja ba tare da ya sunkuya ba. A wannan matakin ne kuma ya kamata a je ofishin DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, a tambayi matsayin irin wannan canji, domin su ne za su duba lafiyar motar kafin ta sami takarda, kuma tambaya kafin yanka ta fi roƙo bayansa.

Sai a tuɓe motar: kujeru, silin, wayoyin da ke bi ta cikin ginshiƙai, gilasai, batir da tankin mai, musamman a tsofaffin akori-kura da ke da tanki a bayan kujera. A ɗora ta a kan matsayai huɗu a daɓen siminti, a daidaita ta da ma'aunin ruwa irin na magina. Idan garejin ƙasa ce da baƙin mai ya jiƙa, kamar yadda da yawa suke a Magazine, a shimfiɗa faranti masu kauri a ƙarƙashin matsayan, domin idan ƙafa ɗaya ta nutse da rabin inci cikin dare, duk awon jiya ya tashi a banza. Idan akwai tsatsa a ƙasan bodi ko a gindin ginshiƙai, a gyara ta yanzu, a kuma saita ƙofofi su riƙa rufuwa daidai.

Bayan haka sai tokara, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Rufi shi ne ke riƙe saman bodi, da zarar an ɗauke shi sai gefunan su buɗe ko tsakiyar ta lotsa, kuma abin ya fi tsanani a motar da ba ta da shasi daban. A sami bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci 1, a yi masa walda a cikin motar daga gefe zuwa gefe, daga gaba zuwa baya ta bakin kowace ƙofa, sannan a gicciye biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, duk a ƙasa da layin da za a yanka. Na taɓa ganin wata akori-kura da aka yanke ba tare da tokara ba. An gama waldar rufi tsaf, aka zo rufe ƙofar direba, sai ta daki ginshiƙi ta dawo, ta fasinja kuwa ta bar gibin da yatsa zai shiga, kuma babu yadda aka yi sai da aka sake yanke aikin sati biyu.

Yanzu ga lissafin da ya kamata a fahimta sosai. A kife ƙwarya, a yanke zobe daga tsakiyarta, a ɗora saman a kan gindin: ba za su haɗu ba, domin saman ya fi gindin ƙanƙanta. Haka ɗakin mota yake, faɗi a ƙasa, matsi a sama, saboda ginshiƙan sun jingina ciki. Wannan yana haifar da abu biyu. Na farko, abin da ake cirewa daga ginshiƙi ya danganta da jinginarsa. Idan ana son rufin ya sauko inci 3, ginshiƙin da ke tsaye cak inci 3 za a cire masa, wanda ya jingina da digiri 30 daga tsaye kusan inci 3 da rabi, wanda ya jingina da digiri 45 kuwa kusan inci 4 da kwata, idan an auna a jikin ginshiƙin. Wanda ya cire awo ɗaya daga dukansu zai sami rufi mai karkata. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja layi biyu a kwance da ma'aunin ruwa, ɗaya sama da ɗaya da inci 3, a bar su su ratsa kowane ginshiƙi yadda suka same shi. Na biyu, rufin zai gaza. A ginshiƙin digiri 30 zai gaza da kusan inci 1 da kwata uku, a na digiri 45 da inci 3 cif, kuma haka zai gaza ta faɗi gwargwadon yadda gefunan suka jingina.

Magani biyu ne. Ko a tsaga gindin ginshiƙai da samansu a ƙara jingina su har su tarar da rufin, ko a yanka rufin a buɗa shi a cike gibin da sabon falle. Ni na fi son a bar ginshiƙan gaba a yadda kamfani ya yi su, a jawo rufin gaba ya zauna a kansu, a biya bashin a baya, domin duk canjin da aka yi wa bakin gilashin gaba gilashin ne zai ƙi shi. Idan har sai an ƙara falle, a nemi rufin mota irinta a wurin masu sayar da tsofaffin kaya a yanko daga gare shi, saboda ya riga ya zo da lanƙwasar da ake bukata.

Kafin yanka, a ja layin tsakiyar motar daga gaba zuwa baya, a buga alamomi da ƙusa sama da ƙasa da kowane wurin yanka, a rubuta tazararsu a littafi. A zaɓi inda ginshiƙi ya fi miƙewa kuma kaurinsa bai canza ba. Tsofaffin motoci suna da dalma a mahaɗar rufi da ginshiƙi, wadda walda ba ta kamawa a kanta kuma hayaƙinta da ƙurarta guba ne, don haka a narkar da ita a fili, ba a gurza ta ba. A yi yankan da zarto ko siririn faifai, kada a yi da wutar gas. A fara da layin sama, mutum huɗu su ɗaga rufin su ajiye shi a kan tayoyi, sannan a yanke layin ƙasa a bar ɗan rara da za a goge.

Idan an mayar da rufin, a zura guntun ƙarfe da aka lanƙwasa daidai cikin kowane ginshiƙi ya ratsa mahaɗar sama da ƙasa, a huda ramuka a jikin ginshiƙin a cike su da walda su kama shi, domin ranar da mota ta kife waɗannan mahaɗai ne ke tsakanin rufi da kan mutum. A ɗiga walda kaɗan kawai tukuna. A yanke saman ƙofofi, a rataye su, a rufe, a sa kwali mai kauri ɗaya kewaye da firam domin tazarar ta zama iri ɗaya, a ɗiga masa walda a nan inda yake. A gwada samfurin gilashi na filawud da robarsa a kowace taga, a auna kusurwa zuwa kusurwa hagu da dama. Sai duk waɗannan sun yi daidai za a yi waldar ƙarshe.

Fallen rufi bai fi kaurin milimita 1 ba, kuma yana da faɗi ba tare da abin da ke riƙe shi ba, shi ya sa zafi ke murɗa shi nan da nan. Waldar lantarki mai sanda huda shi take yi. Waldar MIG, wato wadda inji ke turo mata siririyar waya, ta fi dacewa, ta gas ma tana yi a hannun wanda ya ƙware da guduma. A haɗa fallen baki da baki, ba ɗaya kan ɗaya ba, a ɗiga a nan, a tsallaka nesa a ɗiga a can, a riƙa bubbuga kowane ɗigo da guduma a kan guntun ƙarfen da aka riƙe ta bayan fallen domin a miƙar da abin da zafi ya tsuke. Na tsaya wata rana kusa da wani dattijon mai walda yana irin wannan ɗinki a rufin mota, sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce wa yaronsa, "Kai, ɗora tafinka a nan." Yaron ya taɓa ya janye, ya ce, "Masta, da zafi." Ya ce, "To ajiye tsumman ruwan nan, mu jira shi." Layin da bai kai taku biyu ba ya ci musu yini guda, amma da aka shafa hannu a kai babu tudu babu kwari.

A goge waldar a hankali, domin gurzawa ma tana kawo zafi, a fesa fentin share fage a ranar, saboda raɓar Kumasi tana sa ɗanyen ƙarfe ya yi ja kafin gari ya waye, a kuma fesa maganin tsatsa cikin ginshiƙan. Ƙullin cike, wato wanda ake shafa wa bodi don daidaita shi kafin fenti, ya zama shafe ne kawai. Sai yanzu za a yanke tokaran. A rage robobin gilashi a wurin da suke miƙe, a manne bakinsu, a sa gilasai, a sanya wa abin ɗaga tagar ƙofa matsayi sabo tunda tafiyarsa ta ragu. Kafin a mayar da silin da kujeru, yaro ɗaya ya shiga ciki da alli a hannu, a rufe ƙofofi, a sakar wa motar ruwa da tiyo ta kowace kusurwa na tsawon minti goma, shi kuma ya zagaye duk inda ya ga ɗigo.