Yadda ake kaɗa zare da hannu a saƙa rigar sanyi ta farko

Duk wadda ta yi niyyar saƙa suwaita da zaren da ta kaɗa da hannunta, ya kamata tun farko ta san cewa saƙar ce ƙaramin aiki, kaɗin shi ne babba. Rigar babban mutum tana cin zare matsakaicin kauri kimanin mita 1,000 zuwa 1,400, kuma wannan lissafin zaren da aka riga aka tufke ne. Idan sili uku aka haɗa, ke nan sai an kaɗa fiye da mita 3,000 a kan mazari kafin a kai ga ɗaukar tsinken saƙa. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce ta soma da rigar yaro ɗan shekara biyu ko uku, wadda mita 400 zuwa 500 za su ishe ta, domin aikin da ake ganin ƙarshensa cikin watanni biyu ya fi wanda za a naɗe a cusa a ƙarƙashin gado bayan an gaji.

Tambaya ta gaba ita ce me za a kaɗa. A ƙasashen da saƙar suwaita ta samo asali, gashin tumaki ake kaɗawa, amma tumakinmu irin su 'Yankasa da Uda da Balami ba masu ulu ba ne, gashinsu gajere ne mai kaushi wanda ba ya kama juna. Akwai tumaki masu ulu a yankin Masina na ƙasar Mali, sai dai samun gashinsu a kasuwanninmu ba abu ne mai sauƙi ba, kuma yawancin abin da ake sayarwa da sunan zaren ulu a shagunan kayan saƙa zaren roba ne da aka yi a masana'anta. Abin da muke da shi a yalwace, wanda kakanninmu suka ƙware a kansa, shi ne auduga. Gaskiya ne auduga ba ta riƙe ɗumi kamar ulu, amma rigar auduga mai kauri ta wadatar ga sanyin hunturu na Kano ko Maraɗi, ko da yake mutumin Jos zai so ya ƙara wata a ciki.

A nemi auduga a lokacin cirarta, wato daga Nuwamba zuwa Janairu, a wuraren da ake nomanta kamar Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Gombe. A zaɓi wadda ta bushe sarai, fara tas, marar ɓaraguzan ganye, sannan a ja ɗan tsiri da yatsu a duba tsawon gashinta, domin gwargwadon tsawonsa gwargwadon sauƙin kaɗi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin audugar da ba a gurza ba angurya ce, don haka mai son gram 700 na tsantsar auduga, abin da rigar babba za ta buƙata, sai ta sayi kilo biyu zuwa biyu da rabi. Muhimmin abu shi ne a saye ta gaba ɗaya daga wuri ɗaya, saboda audugar gona biyu ba ta cika yin hasken launi ɗaya ba, kuma bambancin da ido ba ya gani a cikin buhu yana fitowa ƙuru-ƙuru a jikin riga.

Gurza ba ta da wahalar koyo. Ana shimfiɗa auduga kaɗan-kaɗan a kan magurji, a danna ƙarfen gurza da tafin hannu biyu a mirgina shi gaba, anguryar ta fice ta bar audugar a baya. Shiɓa ce take neman haƙuri, kuma a nan ne mafi yawan masu koyo suke cutar da kansu ba su sani ba. Ana ɗora audugar a kan tsirkiyar bakan shiɓa ana fizga har ta buɗe ta yi sakayau kamar hazo, ba a bar ko ƙulli ɗaya a ciki ba, domin duk ƙullin da aka bari zai zama ƙululu a jikin zare, ko kuma zaren ya tsinke a daidai wurin. Idan ta shiɓu sai a naɗe ta a jikin tsinke sako-sako a yi sutu, kada a matse. Ya fi kyau a shiɓa abin da za a kaɗa a rana ɗaya ko biyu kawai, saboda audugar da aka shiɓa aka ajiye takan sake kwanciya ta dunƙule.

Kayan kaɗi ba su da yawa: mazari mai gululu (dunƙulen yumɓun da ke ƙasansa) madaidaici wanda ba ya rawa idan yana juyawa, da ƙaramar tasa ko ƙoƙo ko guntun fata da za a kafa ƙasan mazarin a ciki, da alli na shafa wa yatsu domin kada gumi ya sa su santsi. Dalilin da ya sa ake kafa mazarin auduga a kan wani abu maimakon a bar shi yana reto a iska shi ne gajartar gashin auduga, wanda bai cika wuce santimita biyu zuwa uku ba. Zaren da bai gama murɗuwa ba ba zai iya ɗaukar nauyin mazari ba, sai ya sulluɓe ya rabu.

Ana riƙe sutu a hannun hagu, a ɗaura bakin zare a jikin mazari, a murza shi da babban yatsa da manuniya na hannun dama zuwa ɓangaren da hannun agogo yake bi. Yayin da murɗin yake hawa zuwa bakin audugar, sai hannun hagu ya riƙa ja da baya a hankali, audugar tana sirancewa tana zama zare. Sirrin aikin duka yana tsakanin murɗi da ja. Idan murɗin ya riga ja shiga cikin sutu, audugar za ta ƙulle ta ƙi miƙuwa, idan kuma ja ya riga murɗi, zaren zai tsinke. Ga mai koyo, hanya mafi sauƙi ita ce ta raba aikin biyu: ta murza mazarin har murɗi ya taru, ta tsayar da shi, ta ja audugar tsawon taƙi ɗaya, ta saki murɗin ya bi, sannan ta sake murzawa. Idan an sami tsawon kamu guda sai a ƙara murza mazarin sau biyu ko uku domin zaren ya yi ƙarfi, a gwada shi da ɗan ja, idan bai sulluɓe ba a naɗe shi a jikin mazari daga wajen gululu zuwa sama. Idan zare ya tsinke kada a ƙulla shi. A warware bakinsa ya yi buzu-buzu, a ɗora shi a kan sabuwar auduga, a bar murɗi ya haɗe su.

Masu kaɗin gargajiya sun bambanta arafiya, wato siririn zare mai ƙarfin murɗi, da abawa, mai kauri da laushi wadda masaƙa suke zubawa a kwance. Dukansu biyu domin masaƙa aka yi su, kuma wannan ne abin da ya kamata mai saƙa da tsinke ta fahimta sosai. Abin da ya dace da suwaita yana kusa da abawa, sai dai a ƙara mata murɗi kaɗan domin ta jure tufka da wanki. Da zarar an sami kaurin da ake so, a yanke tsawon taƙi ɗaya a naɗe a jikin ɗan kwali a ajiye kusa, a riƙa gwada sabon zare da shi kullum kafin a fara aiki. Hannu yana canzawa ba da sanin mai shi ba. Wadda ta fara kaɗi a watan Janairu za ta tarar zarenta na watan Maris ya fi siranta da kyau, abin farin ciki ne ta wajen ƙwarewa, amma riga ba ta son haka, domin hannun riga ɗaya zai fito ya fi ɗan'uwansa faɗi. Saboda wannan dalili nake ganin zaren mako biyu na farko bai kamata ya shiga cikin rigar ba ko kaɗan, a yi tsumman goge tukunya ko hular jariri da shi.

Sai tufka, wadda ba a tsallake ta. Sili ɗaya cike yake da murɗi mai karkata zuwa ɓangare guda, kuma idan aka saƙa shi haka rigar za ta karkace, ɗinkin gefe ya zagayo ya dawo kan ciki, ba kuwa gugar da za ta gyara shi. Maganin haka shi ne a haɗa sili uku ko huɗu a murɗe su tare zuwa ɓangaren da ya saɓa wa na farko, wato akasin tafiyar hannun agogo, ta yadda murɗin biyu za su kashe ƙarfin juna. A cure kowane sili ya zama dunƙule, a sa kowanne a cikin kwanonsa domin kada su harɗe, a ratsa su ta tsakanin yatsun hannun hagu, a yi amfani da mazari mafi girma da nauyi. Akwai dabarar da take ɓoye rashin daidaiton hannu, ita ce a gama kaɗin duka kafin a fara tufka, sannan a riƙa haɗa silin farkon aiki da na tsakiya da na ƙarshe a zare ɗaya. Domin a san ko tufkar ta yi daidai, a saki tsawon kamu biyu ya yi reto kamar lilo. Idan ya tsaya bai naɗe kansa ba, ko ya naɗe sau ɗaya kawai, ya yi. Idan ya cukurkuɗe, a duba ɓangaren da ya juya a ƙara murɗi ko a rage. Zaren da ake nema shi ne wanda idan aka naɗa shi a jikin fensir, zagaye 10 zuwa 12 za su cika santimita biyu da rabi.

Bayan tufka a naɗe zaren a bayan kujera ya zama babban zobe, a auna tsawon zagaye ɗaya a ninka da yawan zagayen domin a san mita nawa aka samu, sannan a ɗaure zoben sako-sako a wuri huɗu. A dafa shi a ruwa da ɗan sabulu ko garin wanki na kimanin minti 40 a wuta marar ƙarfi. Dafuwar tana zaunar da murɗi, tana fitar da maiƙon da auduga take da shi na halitta, kuma tana sa zaren ya tsuke tun yanzu maimakon ya tsuke bayan an gama riga. Ruwan zai yi ja-ja kamar shayi, wannan ba abin damuwa ba ne. A ɗauraye, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa. Wanda ya sami ulu na gaske kada ya kuskura ya dafa shi haka ko ya cuɗa shi, domin zai dunƙule ya zama kamar bargo, jiƙa shi kawai ake yi a ruwan ɗumi a tsame. Mai son launi kuwa, wannan ne lokacin kai zare marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano, kuma a kai shi duka a tsoma a rini ɗaya, saboda shunin yau da na mako mai zuwa ba lallai su zo daidai ba.

Kafin a fara rigar, a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 15 da tsinke mai kaurin milimita 4 ko 4.5, a wanke shi, a bar shi ya bushe, sannan a ƙirga madaukai nawa ne a cikin santimita 10 na tsakiyarsa. Mutane da yawa suna ganin wannan ɓata zare ne, alhali shi ne yake hana tufka da warwara, musamman da yake zaren hannu ba ya zuwa da takardar da za ta faɗi tsinken da ya dace da shi. Idan an sami madaukai 20 a santimita 10, ke nan biyu ne a kowace santimita. Idan kewayen ƙirjin yaron santimita 54 ne, a ƙara 6 domin walwala ya zama 60, a raba biyu, gaba 30 baya 30, wato madaukai 60 ga kowane ɓangare, da ƙarin biyu na ɗinki.

Siffar da ta fi dacewa da aikin farko ita ce mai ƙyalle huɗu: baya da gaba masu kusurwa huɗu, da hannaye biyu da ake farawa daga wuyan hannu ana ƙara madauki ɗaya a kowane gefe bayan layi shida ko takwas. Bakin riga da bakin hannu ana yi musu saƙa mai tamkewa, madauki biyu ta gaba biyu ta baya, kuma tun da auduga ba ta da miƙewa da dawowa irin ta ulu, a yi wannan wurin da tsinken da ya fi siranta da milimita ɗaya, in ba haka ba bakin zai saki ya yi lakwam bayan wanki biyu. A riƙa saƙa da dunƙule biyu, layi biyu daga wannan layi biyu daga wancan, domin ɗan bambancin kaurin da ya rage ya baje a ko'ina. A wajen wuya a bar buɗi mai yalwa, ko a sa maɓalli biyu a kafaɗa ɗaya, saboda kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada da jikinsa, kuma wuyan auduga ba ya miƙewa.

Idan ƙyallayen sun kammala, a fara haɗa kafaɗu, sannan a ɗora tsakiyar kowane hannu a kan ɗinkin kafaɗa a ɗinke, daga ƙarshe a rufe gefe tun daga bakin riga har zuwa wuyan hannu, da babbar allura marar tsini da ragowar zaren da aka yi saƙar da shi. A cusa bakunan zare ta ciki tsawon yatsa ɗaya kafin a yanke. Wajen wanki a yi amfani da ruwan sanyi da hannu, a naɗe rigar a cikin tawul a danne ruwan ya fita, sannan a shimfiɗa ta a kan tabarma a inuwa a daidaita faɗinta da tsawonta da tafin hannu. Kada a rataye ta a igiya tana jiƙe, domin nauyin ruwan da auduga take sha zai ja ta ƙasa, kafaɗun su zube, tsawon ya ƙaru da yatsu uku ko huɗu.