Yadda zaka kare kwamfutarka daga bairos tun kafin ya cinye maka fayiloli

Jama'a abin nan yana damuna wallahi, mutum ya kwashe shekaru yana tara hotunan iyali da takardun aiki a kwamfuta, rana ɗaya ya kunna ya tarar komai ya ƙi buɗewa. Kuma yawanci da hannunmu muke buɗe wa bairos ƙofa.

Fara da filasha. Tun 1986 bairos ɗin Brain da wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a faifan fulofi ya riƙa yawo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, yau filasha ce ta gaji wannan aikin. Duk filashar da ta shiga kwamfutar wani, kai ko taka ce, kayi mata sikanin da anti-bairos kafin ka buɗe. In ka ga foldoji sun koma shotkot masu 'yar kibiya a gefe to kar ka danna, fayilolinka suna nan ɓoye su akayi, dannawar ce take tada bairos ɗin.

Sai abdet, wanda mutane suka fi rainawa saboda wai yana cin data. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar Windows da ya bi ta cikinta tun watan Maris, waɗanda abin ya ci ba su saka ba ne kawai. Dan Allah ka bar Windows tayi abdet ɗinta, da burauzar ma. Mai Windows 7 kuwa ya sani tun Janairun 2020 aka daina turo mata gyaran tsaro.

Manhajar kirak, wato ta kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, ita ma babbar hanya ce. Ka lura yawancinsu zasu ce sai ka kashe anti-bairos kafin ka saka, to wanda yace ka kori maigadi kafin ya shigo gidanka kai me kake tsammani ya zo yi? In kuɗin ta gaske yayi maka yawa akwai na kyauta na halal, kamar LibreOffice a madadin Office.

Saƙon imel mai ɗauke da fayil kuwa, ko da sunan wanda ka sani ya zo, in baka jiran sa ka kira shi ka tambaya tukun. Bairos ɗin ILOVEYOU na shekarar 2000 haka yayi, yana tura kansa ga duk sunayen dake jerin adireshin imel na mutum kamar wasiƙar soyayya. Ka shiga File Explorer ka kunna nuna ƙarshen sunan fayil, in ka ga takarda ta ƙare da .pdf.exe to ba takarda bace, goge ta.

Anti-bairos ɗaya ya isa, Microsoft Defender dake zuwa cikin Windows yana aiki sosai in yana samun abdet, biyu tare faɗa suke yi kwamfutar tayi nauyi. Shafin da ya faɗo maka da jan rubutu wai kwamfutarka ta kamu danna nan, rufe shi kawai.

Abinda nafi so kayi yau ɗin nan shine kwafin fayilolinka a hadis (hard disk) na waje, in ka gama ka zare shi ka ajiye, domin bairos mai kulle fayil yana neman kuɗin fansa har hadis ɗin dake jone yake kamawa, kuma ko ka biya babu tabbas zasu buɗe maka. In kuma ka riga ka kamu, cire intanet nan take, kayi cikakken sikanin, sannan ka canza fasuwod ɗinka daga wata na'urar daban.