Yadda ƙaramar hukuma ke hana fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don haƙo gas

A fara da sanin inda ikon majalisar ƙaramar hukuma ya tsaya. Lasisin haƙo gas na gwamnatin sama ne. Abin da ke hannun ƙaramar hukuma shi ne izinin amfani da fili, to a nan za a kafa hujja.

Garin Dryden da ke jihar New York a Amurka ya gyara dokar tsarin filayensa a 2011 don hana haƙo gas, kuma babbar kotun jihar ta goyi bayansa a 2014. Birnin Denton da ke jihar Texas kuwa ƙuri'a ya kaɗa a 2014 ya haramta aikin, sai majalisar jiha ta ƙwace ikon a 2015.

Kada a dogara da "jama'a ba sa so", domin ba ya tsayawa idan kamfani ya ɗaukaka ƙara. A auna ƙarar injina da dare, a ƙirga tankokin da za su bi ƙananan hanyoyi, a gwada ruwan rijiyoyi tun kafin a fara haƙa. Majalisar Lancashire a Ingila ta hana kamfanin haƙo gas na Cuadrilla izinin aiki a wurare biyu, Preston New Road da Roseacre Wood, a 2015. Minista ya soke hukuncin Preston New Road a 2016, amma na Roseacre Wood ya tsira, saboda hanyoyin wurin ba za su ɗauki manyan motoci ba.